Taragon Awo: Yadda Ake Gane Ainihin Ƙarfin Kan Jirgin Ƙasa

Duk kamfanin jirgin ƙasa da ya sayi sabon kan jirgi, akwai tambayar da ba makawa sai ya amsa ta kafin ya sa shi aiki: tarago nawa za a ɗaura masa a wannan layi ya haye tudun da ya fi kowanne tsanani ba tare da ya tsaya ba? In aka rage masa kaya, an yi asarar kwal ko mai da ladan ma'aikata. In aka cika masa, sai ya maƙale a tsakiyar hawa ya toshe hanya, jiragen da ke bayansa duk su yi cirko-cirko. Waɗanda suka ƙera shi suna da lissafinsu a takarda, direba ma yana da nasa zancen, kuma ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Don raba wannan gardama aka ƙirƙiro wani tarago da ba ya ɗaukar fasinja, ba ya ɗaukar kaya, aikinsa awo kawai. Injiniyoyi suna ce masa taragon dainamomita, a nan za mu riƙa kiransa taragon awo.

Mazauninsa bayan kan jirgi ne kai tsaye, gaban sauran taragai. Dalili kuwa a fili yake. Duk jan da kan jirgi zai yi wa jirgin, ta ƙugiya ɗaya yake bi. Wanda ya taɓa ganin sikelin rataye na masu awon hatsi ya riga ya san tushen abin: ka rataya buhu, sifirin ya miƙe daidai nauyinsa, allura ta nuna. Taragon awo wannan sikeli ne aka kwantar, aka sa shi tsakanin mai ja da abin da ake ja. Sai dai abin da ke sikelin nan yakan kai tan goma ko ashirin, yana fizga, yana sassautawa, wani lokaci ma ya juyo ya danno, duka a kan gudun da zai iya wuce kilomita 150 a awa.

Wanda aka fi dangantawa da fara wannan aiki shi ne Charles Babbage, masanin lissafin nan na Ingila da ake ambata a tarihin kwamfuta. A wajajen 1838 zuwa 1839 ana ta cacar baki kan faffaɗan layin dogon da Isambard Kingdom Brunel ya zaɓa wa kamfanin Great Western, mai faɗin ƙafa bakwai. Kamfanin ya ba Babbage tarago ɗaya. Ya kwashe kayan cikinsa, ya kafa dogon tebur a kan ginshiƙan da suka taso daga firam ɗin ƙasa, don kada rawar jikin taragon ta taɓa shi. A kan teburin nan takarda mai tsawon ƙafa dubu take warwarewa a hankali, alƙaluma wajen goma sha biyu suna zana ƙarfin ja da jijjiga da lokaci. Har shawara ya bayar cewa a riƙa sa irin wannan na'ura a kowane jirgi, don in haɗari ya auku a san musabbabinsa. Daga baya Daniel Gooch, injiniyan kawunan jirgi na kamfanin, ya ƙera nasa taragon don auna tirjiyar jirage. A 1901 kamfanin ya gina sabo a masana'antarsa da ke garin Swindon, a 1906 kuma kamfanin North Eastern ya kammala nasa a York. Wannan na York ɗin ne zai yi suna daga baya.

To, ya ake gina shi?

A tarago na yau da kullum ƙugiya a jikin firam take, ja ya shiga ƙarfen ya fita ta ɗaya ƙarshen, ba ruwan kowa da yadda ya bi. A taragon awo wannan ba zai yiwu ba. Ƙugiyar gaba tana haɗe da doguwar sandar ƙarfe da ke zamewa cikin firam a kan ƙananan gargare, ƙarshenta kuma yana kama tsakiyar wani katafaren sifirin da aka haɗa da fallayen ƙarfe, aka gicciya shi a ƙarƙashin daɓen taragon. Gefuna biyu na sifirin ne ke riƙe da firam. Kan jirgi ya ja sanda, sanda ta tanƙwara sifirin, sifirin ya ja tarago da duk abin da ke bayansa. Wani hannu na ƙarfe ya ɗauki wannan tanƙwarar ya kai ta ga alƙalami a kan tebur.

A nan gizo ke saƙar. Duk inda sandar nan ta gogi wani abu, an sace wani yanki na jan kafin ya kai sikeli. Fallayen sifirin ma in suna gugar juna kamar na mota, ba za su koma daidai inda suka taso ba, sai alƙalami ya nuna adadi ɗaya lokacin da ja ke ƙaruwa, ya nuna wani dabam lokacin da yake raguwa, alhali ƙarfin ɗaya ne. Shi ya sa ake raba fallayen da juna, a sa gargare a duk wata mahaɗa. Firam ɗin kansa dole ya fi na sauran taragai kauri da tauri, don in ya lanƙwasa ko da kaɗan ne, alƙalami zai ɗauka sifirin ne ya motsa. Ana kuma sa makulli da ke ɗaure sandar lokacin da ake haɗa taragai a tasha, kada dukan da suke yi wa juna ya lalata awon. Kafin a fita gwaji sai an ja ƙugiyar da nauyin da aka san adadinsa, a ga ko alƙalami ya faɗi gaskiya. A ganina duk darajar taragon awo a wannan wuri take. Kujeru da tagogi da ɗakin shan shayi kowane kafinta zai yi, amma hanyar da ja zai bi daga ƙugiya zuwa takarda ba tare da ya zube a hanya ba, ita ce sana'ar.

Akwai kuma fizga. Injin tururi mai silinda biyu yana bugu huɗu a kowane juyi na ƙafafunsa, saboda haka jansa ba santsi gare shi ba. In aka bar alƙalami haka nan, takarda za ta cika da zane kamar haƙoran zarto. Sai a haɗa shi da ƙaramar silinda mai mai a ciki, ta riƙa danne rawar. Amma in an danne da yawa, an ɓoye canjin gaske. Sai an nemi tsakatsaki.

Da kawunan jirgi suka ƙara girma, musamman a Amurka inda jiragen kaya suke da nauyin gaske, sifirin ƙarfe ya fara kasawa, aka koma ga matsin mai. Sandar ƙugiya ta danna fistin a cikin silinda cike da mai, siririn bututu ya ɗauki matsin zuwa tebur, inda ƙaramin fistin da ƙaramin sifirin ke motsa alƙalami. A Turai kamfanin Amsler na garin Schaffhausen a Suwizalan ya yi fice a wannan fanni. Fistin ɗinsu a goge yake ya zauna daidai cikin silinda ba tare da roba ko fatar toshewa ba, tunda ita ma gogayya ce. Ɗan man da ke yoyo famfo ke mayar da shi. Hikimar ita ce gara mai ya ɗiga da awo ya karkace.

Sanin ja kaɗai bai isa ba. Ƙarfin aiki shi ne ja a ninka shi da gudu. Kan jirgin da ke jan tan 5 a kan kilomita 72 a awa, wato mita 20 a daƙiƙa, yana ba da kusan kilowat 980, ƙarfin doki wajen 1,300 ke nan. Don haka dole a san gudu da nisa daidai. Ƙafafun tarago ba abin dogaro ba ne: suna cinyewa, birki na kama su, kuma bakinsu a karkace yake, faɗinsu na canzawa gwargwadon inda suka taka dogo. Saboda haka taragon York yana da ƙafa ta tara, wadda ba ta ɗaukar nauyi, ba ta da birki, an san kewayenta sarai, ana sauke ta kan dogo in za a fara gwaji.

Wannan ƙafa ce ke jan takarda ta hanyar giya. Abin lura ne matuƙa: takardar ba da agogo take tafiya ba, da nisa take tafiya. Jirgi ya tsaya, ta tsaya. Kowane mil ɗaya yana da tsayayyen tsawo a kanta. Lokaci kuwa agogon lantarki ne ke sa wani alƙalami ya riƙa yin ɗan tsalle a kan ƙa'ida. In alamun sun yi nesa da juna jirgi na gudu, in sun matsu yana tafiyar hawainiya. Wani ma'aikaci na zaune bakin taga da maɓalli a hannu, duk turken mil ko tasha ko gada da aka wuce ya danna, alama ta fito a gefen takarda. Da haka in an koma ofis za a shimfiɗa takardar kusa da taswirar hawa da gangarar layin, a ce a daidai wannan tudu kan jirgi ya ja kaza a kan gudu kaza.

Na'urar da ta fi burge ni a teburin ita ce mai tara jimillar aiki. Faifai ne da ke juyawa daidai da nisan da aka ci. A kansa akwai ƙaramin gargare da hannun sifirin ke turawa. In babu ja, gargaren na tsakiyar faifai, ba ya juyawa. Ja na ƙaruwa, yana matsawa gefe, inda faifan ya fi sauri, shi ma ya ƙara sauri. Juyinsa ke nan ya zama ja a ninka da nisa, mita bayan mita, lambobi suna hawa a kan ma'ƙirgi. Lissafin da ɗalibi zai kwana yana yi da biro, ƙarfe biyu ne ke yin sa suna gugar juna. A ƙarshen tafiya a raba kwal ɗin da aka ƙona da wannan jimilla, a san abin da kowane ƙarfin doki ya ci a awa. Kwal ɗin ma a aune yake, sau da yawa a cikin buhuna, ruwa kuma da mita.

Sai dai abin da ƙugiya ta nuna ba shi ne duk ƙarfin injin ba. Kan jirgi da taragon kwal da ruwansa sukan haura tan 150, kuma sai ya ɗauki kansa kafin ya ɗauki wani. Misali mai kyau shi ne gwajin da kamfanin jiragen ƙasa na Birtaniya mai suna LMS ya yi ranar 26 ga Fabrairu 1939 da kan jirgi mai lamba 6234, Duchess of Abercorn, da taragai 20 daga Crewe zuwa Glasgow da dawowa. Mafi girman abin da aka gani a ƙugiya ƙarfin doki 2,511 ne, amma da aka lissafa abin da ke fita a cikin silinda sai ya kai wajen 3,333. Ratar nan ta tafi ne wajen haurar da injin kansa kan tudu, da gogayyar sassansa, da keta iska. Don auna na cikin silinda kai tsaye, a wasu gwaje-gwajen akan kafa rumfar katako a goshin kan jirgi, mutane su tsuguna a ciki kusa da tukunyar hayaƙi mai zafi, jirgi na sheƙa gudu, suna ɗaukar zanen matsin tururi, ana yi musu ƙararrawa daga taragon awo don awon biyu ya zo lokaci ɗaya. Ba a cika ambaton waɗannan mutane ba, alhali da yawan alƙaluman da ke littattafai daga hannunsu suka fito.

Tudu babban al'amari ne a harkar dogo. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, jirgi mai tan 1,000 da ke tafiya a hankali ja na tan biyu zuwa uku ya ishe shi, saboda ƙarfe a kan ƙarfe ba ya tirjiya sosai. Da zarar an shiga hawan da ke tashi mita 1 a kowace mita 100, wanda mai tafiya a ƙasa da ƙyar zai lura da shi, an ƙara tan 10. Ƙara gudu ma haka yake cin ƙarfi. Wasu taragan awo suna da ma'auni mai lilo wanda ke karkata baya in ana hawa ko ana ƙara gudu. Ba ya bambanta biyun, kuma ba a buƙatar ya bambanta, tunda a wurin injin duk nauyi ɗaya ne. Daga tarin irin wannan awo ne W. J. Davis na kamfanin General Electric ya fitar da ƙa'idarsa a 1926, wadda ta kasa tirjiyar jirgi gida uku: wadda ba ta canzawa, wadda ke tashi daidai da gudu, da ta iska wadda ke ninkuwa huɗu in gudu ya ninka biyu. Har yau da siffar wannan ƙa'ida ake lissafi.

Mu koma ga taragon York. Shi ne ya shaida mil 100 a awa da kan jirgi mai suna Flying Scotsman ya yi ranar 30 ga Nuwamba 1934. Ranar Lahadi 3 ga Yuli 1938 kuma aka ɗaura shi bayan kan jirgi mai suna Mallard, mai lamba 4468, ƙirar injiniya Nigel Gresley, da wasu taragai shida, nauyin duka tan 240. A hukumance gwajin birki aka fito. Direba Joseph Duddington da mai zuba kwal Thomas Bray suka haye tudun Stoke da ke kudu da Grantham a kan kusan mil 75 a awa, suka saki jirgin a gangara. Allon da ke jikin Mallard a yau yana cewa mil 126 a awa, wato kusan kilomita 203, kuma shi ne gudun da aka amince babu injin tururin da ya wuce shi. Injin bai fita lafiya ba: mahaɗar sandar silindar tsakiya ta yi zafi, sai da aka cire shi a Peterborough.

Gresley kansa 125 ya yarda da shi, don 126 ɗin a ɗan ƙiftawar ido ya bayyana. Ɗan lissafi zai nuna dalilinsa. A ce an saita takarda ta ci inci 24 a kowane mil. A kan mil 125 a awa, tazarar daƙiƙa ɗaya za ta kai milimita 21.17, a kan 126 kuma 21.34. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, layin tawada ma ya fi shi kauri. Ga takarda na miƙewa, ga tarago na rawa. Wanda ya auna daƙiƙa ɗaya zai iya samun abin da yake so, wanda ya auna daƙiƙa da yawa a jere ya raba shi ne ya fi kusa da gaskiya. Ni ina tare da Gresley a nan, kuma taka-tsantsan ɗinsa ya ƙara masa girma a idona. Ya dace kuma a tuna cewa kan jirgin Jamus mai lamba 05 002 ya yi kilomita 200.4 a awa ranar 11 ga Mayu 1936 tsakanin Hamburg da Balin, a hanyar da kusan shimfiɗaɗɗiya ce. Mil 125 kilomita 201 ne da ɗoriya. Mallard ya wuce shi, amma da ƙyar, kuma da taimakon gangara.

Akwai abin da taragon awo shi kaɗai ba ya iya magancewa, wato ɗan Adam da hanya. A 1948, bayan gwamnatin Birtaniya ta haɗe kamfanonin jirage huɗu, an yi gagarumin gwaji inda aka riƙa kai kawunan jirgin wannan yanki zuwa layin wancan, da taragan awo uku. A cikin manyan injinan fasinja, samfurin A4, dangin Mallard, shi ya fi ƙarancin cin kwal gwargwadon aikin da ya yi. Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba, domin wani direban lallaɓa injin yake don ya tsimi kwal, wani kuma kora yake don ya cika lokaci, ga sigina da ke tsayar da wannan ta ƙyale wancan. Takarda ta faɗi abin da ya faru daidai, amma abin da ya faru ba iri ɗaya ba ne.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin wannan, kuma sun bi hanya biyu. Ta farko ita ce a ɗora kan jirgi a kan manyan gargare a cikin gini, ya yi ta gudu yana wuri ɗaya, kamar yadda aka yi a Jami'ar Purdue ta Amurka tun 1891, da Vitry a Faransa daga 1933, da Rugby a Ingila daga 1948. Sai dai a can babu iska, babu kwana, babu raɓa a kan dogo. Ta biyu ita ce a fita kan layi amma a riƙe gudu kada ya canza. Albert Czeczott a Poland da ofishin gwaji na Grunewald a Balin sun yi amfani da wani kan jirgi a bayan taragon awo, wanda aikinsa tirjiya: in an shiga gangara ya ƙara riƙewa, in an fara hawa ya sassauta. Kamfanin LMS ya ƙera taragai masu janareta a ƙafafunsu, suna mayar da jan ya zama lantarki, lantarkin ya ƙone ya zama zafi, na'ura na daidaita nauyin da kanta. A Swindon kuma injiniya S. O. Ell ya bi ta wata fuskar a farkon shekarun 1950, ya riƙe yawan tururin da injin ke sha daidai, ya bar gudu ya bi yanayin hanya.

Yau sifirin da tawada sun kau. Ana manna siraran wayoyi a jikin ƙarfen ƙugiya, in ƙarfen ya miƙe da abin da ido ba zai gani ba, yadda lantarki ke ratsa wayar ya canza, kwamfuta ta ɗauka sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Kan jirgin dizal ko na lantarki ma yana iya ba da labarin ƙarfinsa daga wutar da injinan da ke juya ƙafafunsa ke sha, shi ya sa buƙatar tarago guda na musamman ta ragu. Hankali ya fi komawa kan abin da ke faruwa a tsakiyar dogayen jirage. A yammacin Ostareliya, inda jirgin tama ɗaya ke jan taragai sama da 200, gaban jirgi yana iya kasancewa a gangara bayansa na kan hawa, ƙugiyoyin wani sashe suna miƙe, na wani sashen suna matse. Saboda haka ake sa na'urorin awo a jikin wasu daga cikin taragan tama ɗin kansu, suna tafiya da kayansu kullum, suna aiko da ƙarfin da ke kan ƙugiya da jijjigar da suka ci karo da ita a kowane yanki na layin.